MALAM ABDULLAHI NA GWANDU: MAI TAFSIRIN DA YA FARA DA KANSA

Duk wanda ya taɓa zama a gaban malami da watan azumi, ko a babban masallacin birni ne, ko kuwa a ƙarƙashin rumfar kara a Yalwa ta ƙasar Rano da Kibiya, ya san yadda zaman tafsiri ya ke. Mai jan baƙi ya ja aya, malam ya fassara, jama'a su yi kabbara. In aka iso kan masu tauye mudu, sai ka ga idanu sun karkata wajen ɗan kasuwar unguwa. In aka iso kan azzalumin shugaba, kowa ya tuna da wanda ya ke jin haushi. Da wuya a sami wanda zai tashi daga wurin yana jin cewa da shi a ke. To, filin na wannan mako zai duba rayuwar wani malami ne wanda ya saba, tun yana yaro, da ɗaukar cewa maganar Alƙur'ani da shi ta ke kafin kowa, ya kuma biya wannan ɗabi'a da tsada, watau Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu Mujaddadi, wanda a ke kira Abdullahin Gwandu ko Mai Boɗinga.

An haife shi a shekarar 1180 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1766, Shehu ya girme shi da kamar shekara goma sha biyu, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A wurin mahaifinsu Malam Muhammadu Fodiyo ya karanci Alƙur'ani. Da ya kai shekara goma sha uku aka danƙa shi a hannun wansa. Shi da kansa ya lissafa abin da ya karanta da malaman da ya ɗauka a wurinsu cikin wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuhi, wanda ya rubuta a 1812. A gaban Shehu ya karanci Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin mawaƙan nan shida na zamanin Jahiliyya, da littattafan tauhidi na Sanusi, da Ajuruma a nahawu, da Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu, da kuma ilmin gyaran zuciya. Amma abin da ya fi tsayawa a kai shi ne tafsiri. Ya ambata cewa ya bi Shehu daga Fatiha zuwa ƙarshen Alƙur'ani sau da yawa, har ya kasa riƙe adadin. Daga baya ya ji Buhari a wurin Malam Muhammadu ɗan Raji, ya kuma zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru, babban malamin Shehu.

Mutane da yawa in an ce musu Alƙur'ani yana da ma'ana mai shiga zuciya, sai su zaci abu ne da a ke samu ta hanyar rufe ido da girgiza kai. Malam Abdullahi ta ƙofar harshe ya shiga. Tun bai kai shekara talatin ba, wajen 1794, ya tsara waƙar Miftahut Tafsiri, inda ya mayar da ilmin da Imam Suyuɗi ya tattara game da Alƙur'ani zuwa baitoci don almajirai su haddace, sa'an nan ya taƙaita ta cikin Sulalatul Miftahi. Ya yi Hisnur Rasini a sarfu, baiti kamar dubu, ya yi Bahrul Muhiɗi a nahawu, wanda baitocinsa suka haura dubu huɗu. Ɗalibin Larabci da ya ke ƙorafin wuyar Ajuruma ya kamata ya tsaya ya yi tunanin mutumin da ya zauna yana auna waɗannan baitoci, a ƙasar da takarda sai an kawo ta a bayan raƙumi. Dalilin wannan wahala kuwa a fili ya ke. Wanda bai san mai aikatawa daga wanda aka aikata wa ba a cikin aya, son zuciyarsa ne zai cike masa gurbin abin da ya jahilta, sai ya riƙa jin muryar kansa yana tsammani ta Littafi ce. Nahawu shi ne shingen farko da ya ke hana mai karatu ya sa wa aya abin da ya ke so ta faɗa.

Amma shinge ba shi ne gona ba. Malaman jama'ar Shehu sun sha ruwa ƙwarai daga littattafan Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, watau 1111. A cikin Ihya'u Ulumiddin, Gazali ya ware babi guda a kan ladubban karatun Alƙur'ani, ya raba su biyu, na fili da na ɓoye. Na fili su ne irin tsarki da fuskantar alƙibla da kyautata tilawa. Na ɓoye kuwa sun haɗa da halarto da zuciya, da yin tuntuntuni, da kawar da abin da ya ke toshe fahimta kamar girman kai da dogewa a kan zunubi. A cikinsu akwai guda ɗaya wanda shi ne mabuɗin rayuwar Malam Abdullahi, shi ne mai karatu ya ƙaddara cewa kowane umurni da kowane hani da kowane gargaɗi shi aka nufa da shi, labarun mutanen da suka wuce kuma an kawo su ne don ya auna kansa da su. Alƙur'ani da kansa ya siffanta rai iri uku. Akwai mai yawan umurni da mugun aiki, wadda aka ambata a Suratu Yusufa. Akwai mai yawan zargin kanta, wadda aka yi rantsuwa da ita a Suratul Ƙiyama. Akwai kuma natsattsiya, wadda a ke kira a ƙarshen Suratul Fajri. Masana tarbiyya sun ɗauki waɗannan a matsayin zangon tafiya, suka ce mafi yawan mutanen kirki a zango na biyu su ke ƙare rayuwarsu, suna faɗuwa suna tashi. Mai bin tarihin Malam Abdullahi zai ga mutum ne da ya daɗe ƙwarai a wannan zango na biyu, bai kuwa ɓoye ba.

Shekarun ƙuruciyarsa a yawon wa'azi suka tafi, a bayan Shehu, cikin Kabi da Zamfara da Gobir. Yana nan a Magami, wajen 1788, ranar da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai da babbar salla ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar zinariya, ya nemi a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana mai amsawa, a girmama masu rawani, a saki ɗaurarru, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Yaron da ya ga malaminsa ya ture zinariyar sarki a bainar jama'a ba zai manta ba. Da al'amari ya tsananta a zamanin Yunfa, jama'a ta yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu cikin watan Fabrairu na 1804, Malam Abdullahi shi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a. Shi ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni na wannan shekara, aka yi nasara, shi ne kuma ya ci Birnin Kabi a 1805. Ba malamin zaure ba ne kawai, mutum ne da ya san nauyin baka da kibiya.

Sai dai yaƙi yana cin mutane, mafi alherinsu kuwa ya kan fara ci. A Tsuntsuwa, kusa da Alkalawa, a ƙarshen 1804, jama'a ta yi hasara mai girma. Masu tarihi sun ce an rasa mutum kamar dubu biyu, ɗari biyu daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Waɗannan su ne abokan karatunsa, waɗanda suka san abin da aka fito nema. Waɗanda suka cike gurbinsu da yawa ganima ce ta kawo su. Kafin shekara ta kewayo abin ya bayyana. A kan hanyar Alwasa, a ƙarshen 1805, mayaƙa suka afka wa garin Kwalda wanda ke zaman amana da jama'a, suka washe shi, shugabanni suka yi iyakar ƙoƙarinsu su hana, aka ƙi jin maganarsu. Bayan wannan aka gamu da abokan gaba a Alwasa aka sha kashi. Mutumin da ya bi tafsiri sau ba adadi ba ya bukatar a tuna masa cewa Suratul Anfali da tambaya a kan ganima ta buɗe, ko kuwa a tuna masa abin da Suratu Ali Imrana ta faɗa game da ranar Uhudu, sa'ad da maharba suka bar wurin tsayuwarsu don kwaɗayin abin duniya. Abin da ya ke karantar da almajirai a kan buzu, ga shi nan yana faruwa a gaban idonsa, da mutanensa.

A 1807, shekara ta huɗu bayan hijira, aka sake fita yaƙin Alkalawa. A cikin wannan tafiya Malam Abdullahi ya yi abin da ya girgiza jama'a. Ya sulale daga runduna shi da mutum biyar, ya fuskanci gabas, niyyarsa ya bar ƙasar baki ɗaya ya tafi Madina. Ya ba da labarin wannan da kansa cikin Tazyinul Waraƙati, littafin da ya tattara waƙoƙinsa da tarihin jihadi a 1813. Ya ce sun yi kwana uku cikin daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. Ya kuma lissafa abin da ya kore shi: ya ga zamani ya sake, 'yan'uwa sun karkata ga duniya, suna ta tsere a kan mulki da dukiya da girma, an bar masallatai da makarantu ba mai kula da su. A cikin waƙar da ya yi kan wannan tafiya ya zargi masu tara ƙwaraƙwarai da tufafin ƙawa da dawakan da a ke sukuwa da su cikin gari maimakon fagen fama, da alƙalai masu cin hanci.

Har zuwa nan maganarsa ba ta bambanta da ta kowane mai wa'azi da ya yi fushi ba, irinsu kuwa ba su taɓa yin ƙaranci ba a ƙasar nan. Abin da ya raba shi da su jimla ɗaya ce da ya ƙara. Ya shaida a rubuce cewa ya san shi ne mafi muni a cikinsu, kuma ganin aibin a jikin waɗansu ba zai tsare shi daga faɗawa cikinsa ba, don haka ya ga gudu ya wajaba a kansa. A lura da wanda ya ke wannan magana. Wazirin Shehu ne, kwamandan Tabkin Kwatto, wanda in ana rabon girma shi ne na biyu. Babu wanda ya tuhume shi da cin ganima. Shi ne ya leƙa cikin zuciyarsa ya ga ƙwayar abin nan da ya ke ƙi tana nan kwance, ruwa kawai ta ke jira. Wannan shi ne amfanin karatun da mai yinsa ya ke sa kansa a cikin aya. Da ya karanta siffofin masu son duniya da niyyar gano su a cikin runduna kaɗai, da ya zauna ya kafa ƙungiyar masu adawa, ya zama shugabanta, ya sami wani irin girman da ya fi na farko daɗi a zuciya, watau girman wanda a ke cewa shi kaɗai ne mai gaskiya. Abin ya yi kama da na Gazali, wanda ya bar kujerar karantarwa ta makarantar Nizamiyya a Bagadaza a 1095, yana kan ganiyar ɗaukakarsa, bayan ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna ya gauraya da ita.

Duk da haka ba za a ce gudun nan ba shi da abin dubawa ba. Ya bar runduna tana fuskantar abokan gaba, ya bar wansa kuma malaminsa a lokacin da ya fi bukatarsa. In kowane mai tsoron Allah ya kama hanyar gabas, wa za a bar wa talakawa? Amsar wannan tambaya a Kano ta same shi.

Kano a wannan lokaci ba ta daɗe da fita daga yaƙi ba. An ci Sarki Alwali a Ɗan Yaya, ya bar birni ya bi ta Zariya, ya komo Burumburum a kudancin ƙasar Kano, maƙwabtan Rano da Kibiya, a can aka cim masa, a can ya rasu. Mulki ya koma hannun malaman jihadi, Malam Sulaimanu ya zama sarki, amma kawunan manya ba su haɗu sosai ba. Da Malam Abdullahi ya iso, mutanen Kano suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya koya musu yadda za su tsai da addini. Da ya duba, sai ya ga abin da ya baro a gida ya riga shi isowa. Ya kuwa gaya musu haka a fili. Watau ciwon ba na Gobir ba ne ko na Kabi, yana tafiya ne tare da ɗan Adam duk inda nasara ta same shi, da ya kai Madina ma da zuciyarsa zai kai. Ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya bayyana hukuncin hijira da naɗin shugaba da wajiban sarki da alƙali da ƙa'idojin jihadi da siyasar shari'a, wanda ya zama abin dogaro ga masu mulki a daular har bayan zamaninsa. Sa'an nan ya yi abin da ya fi iyawa, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Bisa ga labarin da ya bayar, jama'a suka tuba suka gyara al'amuransu, suka farfasa kayan kiɗan da ya tarar da su, har aka mayar da kwarkwaron ganguna abin zuba wa dawaki abinci. Mutumin da ya fito don tsira da ransa shi kaɗai, sai ga shi zaune yana jan gari guda daga aya zuwa aya. Daga Kano ya juya ya koma gida. Alkalawa ta faɗi a 1808.

Komawarsa ba ta sa ya yi laushi ba. Malam Abdullahi mutum ne mai tsanani, wannan kowa ya sani, shi ma ya sani. Ya saɓa wa Shehu da Muhammadu Bello a kan mas'aloli da dama, kamar kiran shugaba da sunan sarauta irin na mulkin gado, da sa tufafin alharini da zinariya da aka samu a ganima, da kaɗa tambura. Shehu a cikin littattafansa na wannan lokaci, irin su Najmul Ihwani, ya karkata ga sauƙaƙawa, yana jan hankalin almajirai cewa saɓanin malamai rahama ne, kada a tsananta wa mutane a kan abin da ba a haɗu a kan haramcinsa ba. Malam Abdullahi kuwa ya bayyana nasa ra'ayi cikin Liya'us Sulɗani. Mai adalci zai ce a wasu wurare fahimtar Shehu ta fi dacewa da halin jama'ar da ta shigo addini jiya jiya. Amma abin sha'awa shi ne yadda aka yi saɓanin: da alƙalami da hujja, ƙane yana girmama wa, almajiri yana kiran malaminsa malami, ba a raba sahu ba. Da Shehu ya raba aikin tafiyar da ƙasa a 1812, ya ba shi yamma, ya ba Bello gabas. Ya zauna a Boɗinga, kusa da Sifawa inda Shehu ya ke.

A Boɗinga, cikin hidimar mulki da shari'a da aika runduna, ya gama babban aikinsa, Liya'ut Tawili fi Ma'anit Tanzili, a shekarar 1231 ta Hijira, wajen 1816. Tafsiri ne na Alƙur'ani duka. Ya tattaro daga Jalalaini da Bailawi da Hazin da Sa'alabi da Ahkamul Ƙur'ani na Ibnul Arabi Bamalike da waɗansunsu, yana warware li'irabi, yana nuna ƙira'o'i tare da gabatar da ta Warshu wadda mutanen ƙasar nan su ke karatu da ita, yana fitar da balaga da hukunce-hukunce. An buga shi a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i huɗu. Wanda ya buɗe shi yana neman labarun mamaki ko asiran haruffa ba zai sami biyan bukata ba. Zai tarar da malami mai taka-tsantsan, mai bin lafazi sawu da sawu. Wannan taka-tsantsan ɗin shi kansa horon rai ne, domin mai tafsiri yana da jarrabawar da ta fi ta mai sauraro: yana iya karkatar da aya ta bugi abokin hamayyarsa, ko ta yi wa mai mulki daɗi, jama'a kuwa su yi kabbara ba su sani ba.

Shekara guda bayan gama wannan littafi jarrabawa mafi zafi ta zo. Shehu ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu na 1817. Malam Abdullahi shi ne babba a gidan, shi ne mafi ilmi a cikin waɗanda suka rage, shi ne na farkon mubaya'a a Gudu. Ruwayar da ta shahara ita ce da labari ya iske shi ya hau ya nufo Sakkwato, ya tarar an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, an kuma rufe masa ƙofar gari. Ya juya da mutanensa. Ba daidai ba ne a yi wa mai karatu ƙarya a ce abin bai yi masa ciwo ba. Ya yi masa, har aka yi shekaru akwai sanyi tsakaninsa da ɗan wansa, a wannan shekarar kuma ya rubuta Sabilus Salama a kan sharuɗɗan shugabanci da hanyar naɗa shugaba. Abin lura shi ne iyakar inda ya bar ciwon ya kai shi. Yana da rabin daula a hannunsa, yana da mayaƙa da almajirai, yana da hujjar da zai iya karantawa a kan mumbari. Tarihin Musulunci cike ya ke da waɗanda ba su kai shi hujja ba suka zub da jinin dubbai a kan kujera. Shi bai ɗaga tuta a kan Sakkwato ba. Mutumin da shekara goma da suka wuce ya gudu daga mulki don tsoron abin da ke cikin zuciyarsa, yanzu an hana shi mulkin, ya sami damar ganin ko tsoron nan nasa yana da tushe. Ya tarar yana da shi, ya kuwa riƙe linzamin.

Ƙarshen wannan sanyi a Kalambaina ya zo, wajen 1820. Waɗansu daga cikin mabiyan Abdussalami, wanda ya yi wa Bello tawaye aka ci shi a 1818, sun taru a wannan gari kusa da Gwandu, suka gagari Malam Abdullahi. Bello ya taso da rundunarsa ya kawo gudunmawa, aka ci garin. Masu tarihi sun kawo cewa da suka haɗu bayan yaƙin, Bello ya yi haramar sauka daga kan dokinsa don ya gai da baffansa kamar yadda ya saba, sai Malam Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Dattijo mai shekara hamsin da 'yan kai, malamin da Bello kansa ya yi karatu a gabansa, ya sunkuyar da kai ga yaron da aka haifa a kan idonsa, a gaban runduna biyu. Daular ta zauna da gidaje biyu, Sakkwato da Gwandu, ba tare da yaƙi a tsakaninsu ba, har zuwan Turawa a 1903.

Daga nan ya janye jikinsa daga yawancin hidimar mulki, ya bar ta a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari, ya koma ga karantarwa da rubutu. A wannan lokaci ne, wajen 1822, ya yi tafsirinsa na biyu, Kifayatu Lu'afa'is Sudan. Ya lura cewa Liya'ut Tawili ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya sauko musu, ya tsaya a kan ruwayar Warshu da mazhabar Maliku, ya rage zurfafa cikin saɓanin ƙira'a da li'irabi. Ba kowane babban malami ne ya ke yarda ya sake aikin shekaru don masu rauni ba, da yawa sun fi son a ce littafinsu sai gwanaye. Ya kuma bar littattafai a kan tarbiyyar zuciya, sunayensu kaɗai sun isa su nuna inda hankalinsa ya ke: Sabilun Najati, watau hanyar tsira, da Maɗiyyatuz Zadi ilal Ma'adi, abin hawan guzuri zuwa makoma, da Tahzibul Insani min Hisalish Shaiɗani, tsabtace mutum daga halayen Shaiɗan. Halayen da a ke nufi kuwa ba waɗansu baƙi ba ne, su ne jiji da kai da girman kai da hassada da riya da fushi a kan ɓata da son shugabanci, waɗanda ya yi shekaru yana kokawa da su a fagen da kowa yana kallo.

Ya rasu a Gwandu a farkon shekarar 1245 ta Hijira, daidai da 1829, yana da shekara sittin da 'yan kai. Kabarinsa yana can Gwandu, ana ziyartarsa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.